Kafin Ka Zuba Kuɗinka A Kasuwar Kwamfuta Ta Ikeja

Jama'a, a 'yan shekarun nan samarinmu mazauna Ikko, daga Agege har Idi-Araba, sun shiga sha'awar harhaɗa kwamfutar wasa da hannunsu maimakon sayen haɗaɗɗiya. Abin da kyau, amma fa sai yaro ya yi wata shida yana tari, ya shiga kasuwar Computer Village, ya fito da kayan da ba su jituwa da juna. Mai kanti kuwa ba lalle ya karɓa ya mayar masa da kuɗinsa ba.

To, da farko a sani, katin hoto shi ne ran kwamfutar wasa, watau shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Nan ya kamata kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi. Kati irin RTX 3060 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2021, ya isa wasan ƙwallo da yawancin wasanni. Sai dai a yi hattara da na hannu, wanda a nan Kurmi ake kira tokumbo. Da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum a watan Satumba 2022, katunan da suka sha aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Kada ka biya sai an kunna maka wasa mai nauyi kamar rabin sa'a, kana sauraren fankarsa, kana duban ko hoton zai tsattsage.

Sa'an nan ƙwaƙwalwar na'ura da babban allon da take zama a kai. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Ryzen 5000 na kamfanin AMD gurbin AM4 take shiga, da RAM irin DDR4. Ryzen 7000 kuwa, ta 2022, sai gurbin AM5 da DDR5 kaɗai, ko da guduma ba ta shiga wancan. RAM gigabait 16 ya wadatar, ma'aji kuma a sayi SSD. Fitilun ado masu walƙiya, waɗanda ke ruɗin samari, ko kwabo ba su ƙara wa wasa.

Inda aka fi yin ganganci shi ne akwatin wuta, mai rarraba lantarki ga sauran kayan. Da kuɗi ya yi ƙasa, sai a ɗauki mai araha marar suna. Ai kowa ya san halin wutarmu, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, ga kuma janareta. Akwatin banza in ya ƙone yakan tafi da katin da ka sha wahala a kansa. Shi RTX 3060, Nvidia ta ce a ba shi akwati mai wat 550. Ka nemi na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus, ka kuma ware kuɗin UPS tun kafin ka hau motar Ikeja.