Reshen L3 da Saƙon da Ke Cewa Gwajin DNA Yana Tona Asali

L3 suna ne da masana ƙwayoyin halitta suka ba wani reshe na zuriyar ɗan Adam wanda ake bi ta wajen uwa. Wata mace ce ta fara ɗauke da shi, shekara 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce, kuma mafi yawan mutanen duniya a yau, in aka bi uwa da uwar uwa har can baya, gare ta za a tuƙe. Ana gane reshen ne ta wani ɗan guntun DNA da ke cikin maitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayoyin jiki kuzari. Guntun harafi 16,569 ne kacal, alhali babban DNA da ke cibiyar ƙwaya ya haura harafi biliyan uku. Hanyar gadonsa ce ta sa ya yi suna. Ƙwan mace ne ke ba jariri maitokondiriya, na maniyyi ba sa kai labari. Ɗa namiji yana karɓa daga mahaifiyarsa amma a kansa yake tsayawa, 'ya mace ce ke miƙa shi gaba.

Jefi-jefi harafi ɗaya kan canza wajen kwafi, a ƙiyasi sau ɗaya cikin shekara 3,600 ko makamancin haka. Kamar mai kwafar littafi da hannu ne: in alƙalaminsa ya zame a layi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki zamiyar, kuma da ita za a gane wane kwafi ya fito daga wane. Da irin waɗannan canje-canje aka zana bishiyar iyaye mata. Tsofaffin rassanta, L0 zuwa L6, duk na Afirka ne. L0 ya fi yawa a tsakanin mutanen San da Khoe na kudancin nahiyar, L1 da L2 sun cika yamma da tsakiya. L3 kuwa ya haifi 'ya'ya a gida, irin su L3b da L3d da L3e da L3f, ya kuma haifi biyu, M da N, waɗanda suka bazu a wajen nahiyar.

Wani saƙo da ke yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai ya ɗauko wannan labari ya cakuɗa shi da wasu abubuwa. Gaskiyar da ke cikinsa tana da yawa, shi ya sa ya karɓu. Gaskiya ne cewa tushen bishiyar yana Afirka. Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne suka fara nuna haka a mujallar Nature a 1987, bayan sun gwada samfurin mutum 147, kuma binciken da ya biyo baya da dubban samfura ya ƙarfafa su. Gaskiya ne kuma cewa Bature da Basine da Ba'indiye da ɗan asalin Ostireliya, in ba su da kaka 'yar Afirka ta kusa, ta M ko N suke haɗuwa da L3. Wurin da L3 ya faro ma, mafi rinjayen ra'ayi shi ne gabashin Afirka, kamar yadda Pedro Soares da abokan aikinsa suka ƙiyasta a 2012, domin a can ne rassansa suka fi bambanta. Akwai 'yan tsiraru da ke ganin a Asiya ya faro ya dawo. Hanyar da aka bi aka fita daga Afirka, ta mashigin Babul Mandab ne ko ta Sinai, har yanzu ana jayayya a kanta.

Sauran ƙananan maganganun saƙon ba sa buƙatar dogon bayani. Ba a tono kabari ko ƙasusuwan Hauwa'u ba. Kakar da duk rassan suka haɗu a kanta lissafi ne ya nuna ta, shekara 150,000 zuwa 200,000 baya, 'yan jarida ne suka yayata kiran ta da laƙabin Hauwa'u, kuma akwai mata da yawa a zamaninta waɗanda zuriyarsu ta wajen 'ya'ya mata ce kawai ta yanke. Batun cewa an tabbatar Botswana ce mahaifar ɗan Adam ya fito daga wani bincike na 2019 da ya sha suka daga masana, saboda reshe ɗaya na uwa ba ya iya nuna mahaifar jinsi duka. Cewa Turawa sun ɓoye labarin abin dariya ne, tunda mujallar Newsweek ta sa shi a bangonta a Janairun 1988. Cewa mai L3 ya fi wasu basira ko tsawon rai kuwa ba shi da madogara.

Maganar da ke da illa ita ce ta ƙarshen saƙon: wai harafin da gwaji ya fitar tambarin asali ne, 'yan gida ɗaya da 'yan ƙabila ɗaya dole nasu ya zo ɗaya, wanda nasa ya bambanta kuwa bare ne ko kuma akwai lauje cikin naɗi game da haihuwarsa. Wanda ya rubuta wannan ko dai bai fahimci abin da ya kwafo ba, ko ya fahimta ya yi biris, domin a farkon saƙon nasa ya faɗa da bakinsa cewa ta uwa ake gado.

A ɗauki gida mai mata uku. Maigida yana ɗauke da reshen mahaifiyarsa, a ce L2a. Uwargida L3e, ta tsakiya L1b, amarya L3d. 'Ya'yan kowane ɗaki za su fito da harafin uwarsu, ba ko ɗaya da zai fito da na ubansa. Gida ɗaya, haruffa huɗu, kuma babu wanda ya yi wani laifi. 'Yan uba su sami sakamako daban shi ne abin da ake tsammani. In ma na uba da ɗa ya zo ɗaya, abin da ya nuna shi ne mahaifiyar maigida da matarsa sun haɗa kaka ta wajen uwa, kamar yadda kan faru a auren zumunci tsakanin 'ya'yan ya da ƙanwa mata, ko kuma dace ne kawai, tunda miliyoyin mutane ke tarayya a reshe guda.

Akwai misali sananne da ya nuna haka a fili. A 1991 aka tono wasu ƙasusuwa kusa da Yekaterinburg a Rasha, waɗanda ake zaton na Sarki Nicholas na Biyu ne da iyalinsa da aka kashe a 1918. Peter Gill da abokan aikinsa a Ingila suka gwada su, suka wallafa sakamakon a 1994. DNA ɗin maitokondiriya na sarauniya da 'ya'yanta mata uku ya dace da na Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, saboda kakarsa ta wajen uwa yayar sarauniyar Rasha ce. Na sarkin kuwa bai dace da na 'ya'yansa ba ko kaɗan. Da wani gwajin daban, na DNA ɗin cibiyar ƙwaya, aka tabbatar shi ne ubansu. Da an bi ƙa'idar wannan saƙo da an sheganta 'ya'yan sarkin Rasha duka.

An taɓa samun rahotanni 'yan kaɗan na gado daga uba, ciki har da wani na 2018 a kan iyalai uku, amma binciken 2020 ya nuna cewa irin wannan na iya zama guntayen DNA ɗin maitokondiriya da suka maƙale a cibiyar ƙwaya. Ko an yarda da su ma, ba su kai a gina hukunci a kansu ba. Zargin mace a kan takardar da ba ta ma duba gadon uba ba kuwa ƙazafi ne, kuma aure na iya mutuwa a kansa.

Ɓangaren ƙabila ma haka yake rushewa. Bahaushe ta uba yake lissafa asali, gwajin nan kuwa yana bin layin da ba a lissafawa ne. Mace ita ke barin gidansu ta tare a gidan miji, kuma tun da daɗewa ana auro Bafulatana da Babarbariya da Buzuwa da Banufiya. Fatake sun yi aure a Gwanja, alhazan ƙasa sun yi a Sudan, gidajen sarauta sun ajiye ƙwaraƙwarai daga ko'ina. Daga yau zuwa jihadin 1804 kimanin hawa takwas ne na haihuwa. A hawa na takwas kowane mutum yana da gurbin kakanni 256, kuma gwajin maitokondiriya labarin mutum ɗaya kawai yake bayarwa a cikinsu. Sauran 255 ba ya ganinsu.

Rassan ma sun girmi ƙabilun nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1990 Elizabeth Watson ta gwada samfura daga Hausawa da Barebari da Fulani da Buzaye da Yarabawa, aka ga rassa iri ɗaya suna maimaituwa a tsakaninsu. L2a shi kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rassan Afirka, daga Senegal har Mozambik. A wajen Fulani makiyaya an sami ƙaramin kaso na rassa irin su U5, waɗanda suka tsallako daga arewacin Afirka, amma mafi yawansu rassan yammacin Afirka ne irin na maƙwabtansu. A 2006 Bert Ely da abokansa a Amurka suka gwada yadda sakamakon baƙar fatar ƙasar ke dacewa da ƙabilun Afirka: fiye da rabi sun dace da ƙabilu da yawa lokaci guda, kusan kashi 40 cikin 100 ba su dace da kowa ba a ma'ajiyar da ake da ita, ƙasa da kashi 10 ne suka dace da ƙabila ɗaya tak.

Abin da ya fi kusa da zama hujjar mai saƙon shi ne L3f3. A 2009 Viktor Černý da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa wannan ƙaramin reshe kusan ya keɓanta ga masu magana da harsunan Cadi a kewayen Tafkin Cadi, dangin harsunan da Hausa ke cikinsu. Sun ƙiyasta shekarunsa da kusan 8,000, da ratar kuskure ta shekara 2,500 gaba ko baya, suka kuma danganta shi da ƙaurar makiyaya daga gabashin Afirka a lokacin da Sahara take da ruwa da ciyawa. (Zamanin kwalekwalen Dufuna ke nan, wanda aka gano a Yobe ta yau a 1987.) Bincike ne mai daraja, amma magana yake a kan ƙaurar jama'a, kuma ko a cikin al'ummomin da aka same shi, mafi yawan mutane ba sa ɗauke da shi. In da shi ne ma'aunin zama ɗan gida, da galibin 'yan gidan sun zama baƙi.

Waɗanda suka gaskata saƙon ba wawaye ba ne. Takardar sakamako takan zo da taswira da kibiyoyi da lambobi, kamfanonin da ke sayar da gwajin kuma sun iya talla, ga shi labaran gwajin tabbatar da uba sun cika kafafen sada zumunta a Najeriya, har mutum ya ɗauka duk gwajin DNA abu ɗaya ne. Son sanin asali ma ba aibi ba ne.

Abin da gwajin maitokondiriya ke iya faɗa da tabbaci ƙanƙane ne. In na mutum biyu ya bambanta sosai, ba su haɗa kaka ta kusa ta layin uwa zalla ba. In ya zo ɗaya, sun haɗa, amma tana iya zama ta shekara 50 ko ta shekara 5,000. Tabbatar da uba kuwa aikin wani gwaji ne daban, wanda ake ɗaukar samfurin yaron da na mutumin, galibi har da na uwar, a kwatanta wurare kimanin 20 a DNA ɗin cibiyar ƙwaya, inda yaro ke gadon rabi daga uwa, rabi daga uba.