Ɗaukar Hoton Taurari Masu Nisa: Me Ya Kamata A Fara Saye?

Kwanakin baya na ziyarci wani gida inda aka aiko wa wani ɗan lakwal teleskop, wato na'urar hangen taurari, daga wajen kawunsa da ke aiki a Turai. A jikin kwalin an rubuta cewa tana ƙara girman abu sau ɗaruruwa, ga hotunan taurari masu launi an zana. Yaron ya ga wata da kyau, har da ramukansa. Amma da ya kafa salula don ya ɗauki irin hotunan da ke jikin kwalin, baƙi ƙirin kawai ya samu. Yanzu na'urar tana ƙarƙashin gado, kuɗin kawu sun tafi.

Don haka yau bari mu yi bayani, kafin wani ma ya zubar da guminsa.

Abin da masana ke kira sararin sama mai zurfi ya wuce wata da Zara. Ana nufin tarin taurari irin Kaza da Ƴaƴanta, da gajimaren iskar gas irin na Oriyon da ake kira M42, da kuma wasu duniyoyin taurari irin Andromeda, wato M31. Wannan harafi na M daga sunan Charles Messier yake, wani Bafaranshe na ƙarni na 18 wanda jerinsa ya ƙunshi abubuwa 110. Hasken Andromeda yana yin shekara kusan miliyan 2 da rabi kafin ya iso gare mu.

To ga inda ake yin kuskure. Waɗannan abubuwa ba ƙanana ba ne a sama, dushi-dushi ne. Faɗin Andromeda ya kai kamar a jera wata shida. Ke nan matsalar ita ce tara haske, kamar yadda ake tara ruwan sama a randa: sai an bar bakin a buɗe an jira. Kamara ma haka, sai an bar idonta a buɗe daƙiƙa 30, ko minti 1, ko minti 3.

Sai dai duniya tana juyawa, taurari suna gusawa digiri 15 kowace awa. In kamara tana tsaye cak, tauraro sai ya zama zare a hoto. Masu wannan aiki suna da lissafi mai sauƙi: a raba 500 da lambar milimita da ke jikin gilashin kamara. Gilashi mai 50 yana ba ka kamar daƙiƙa 10 kafin taurari su fara jan wutsiya. In ka sa teleskop mai tsawon 1000, rabin daƙiƙa ke nan.

Shi ya sa abin da za a fara saye shi ne mazauni mai inji, wanda ke juya kamara a hankali yana bin taurari. Ƙananan irinsa, kamar Star Adventurer na kamfanin Sky-Watcher ko SkyGuider Pro na iOptron, suna ɗaukar kaya har kilo 5, amma gara kada a cika masu kaya har iyaka. In kuɗi kaɗan ne, kaso mafi tsoka ya tafi nan.

Ga wani abu da mai saye a Turai ba lallai ya tuna ba. Ana saita wannan mazauni ne da tauraron arewa, wanda ba ya gusawa. Tsayinsa a sama daidai yake da nisan garinka daga tsakiyar duniya. A Paris ya kusa digiri 49. A Maraɗi da Yamai kuwa digiri 13 da rabi ne, Damagaram kusan 14, Tawa kusan 15. In ka miƙa hannu ka dunƙule, dunƙule ɗaya da ɗan ƙari ne daga ƙasa. Wasu manyan mazaunai in an kwantar da su haka, ƙarfen nauyinsu yana bugun ƙafa. To ɗan uwa, kafin ka biya, ka tambayi mai shago ko na'urar tana sauka har digiri 13.

Na biyu kamara. Ba dole sai sabuwa ba. Tsohuwar Canon ko Nikon irin wadda ake cire mata gilashi, irin ta masu hoton biki, ta isa farawa, muddin tana ajiye hoto a tsarin RAW. A haɗa da ƙaramin rimot mai ɗaukar hoto bi da bi, da batiri biyu ko uku. Akwai kamarori na musamman masu sanyaya kansu, domin zafi yana sa hoto ya yi tsaki-tsaki, amma suna da tsada kuma sai da kwamfuta. Wannan sai an ƙware.

Na uku ne teleskop, kuma ƙarami ya fi. Gilashin kamara mai 135 ko 200 ya isa ya ɗauko Kaza da Ƴaƴanta da Andromeda. In an matsa gaba, a nemi ƙaramar teleskop mai gilashi, faɗin bakinta milimita 60 zuwa 80. Babbar nan mai kama da ganga da ake kira Dobson tana da daɗin kallo da ido ƙwarai, amma da hannu ake tura ta, ba ta dace da wannan hoto ba.

Akwai kuma gajeriyar hanya: teleskop mai haɗe da kamara da inji wuri guda, ana sarrafa ta da salula. Seestar S50, da ta fito a 2023, bakinta milimita 50, an sayar da ita kusan dalar Amurka 500 a wancan lokacin. Ita ke neman tauraron da kanta, ta tara hotunan. Ga malamin lakwal ko ƙungiyar matasa, wannan ta fi sauƙi. Amma ba a canza mata gilashi ko kamara, yadda ta zo haka za ta zauna.

Ku sani, hoton da kuke gani a intanet ba ɗauka ɗaya ba ce. Hotuna 50 ko 100 ake haɗawa a kwamfuta su zama guda. Manhajar Siril da DeepSkyStacker kyauta ne, haka ma Stellarium ta kwamfuta mai nuna inda kowane tauraro yake.

Abin da kuɗi ba sa saye kuwa, mu a ƙauye muna da shi: duhu. Mutumin babban birni yakan yi tafiyar awoyi a mota don ya guje wa hasken fitilu, mu kuwa bayan gari ya isa. Muna kuma ganin taurarin kudu da ba sa ɓullowa a Faransa sam. Lokaci mafi kyau shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama kuma hazon hunturu bai kankama ba. A zaɓi duhun wata, daga wajen 25 ga watan Musulunci zuwa farkon sabo.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. A rufe gilashi da zarar an gama, a ajiye kaya a jaka mai zif. Kada a goge gilashi da bakin riga, yashi zai karce shi, a hure da ɗan famfon roba. Kada kuma a kuskura a kalli rana da teleskop, ido na iya mutuwa nan take. Sannan a halin da ake ciki, duk wanda zai fita daji da dare da na'ura mai ƙafa uku, ya sanar da mai gari, kuma kada ya tafi shi kaɗai.

Mai niyyar aiko da tsaraba, ka fara tambayar yaron ko kallo yake so ko hoto. In kallo ne, tabarau mai ido biyu na 10x50 ya wadatar, ba ya cin batiri. In hoto ne, mazauni tukuna, sai kamara, teleskop daga baya.

Wanda ya gwada ya samu hoto, ko da na Kaza da Ƴaƴanta ne, ya aiko mana mu sa a wannan shafi jama'a su gani.