Wa Ke Fasa Gilashi Cikin Dare?

A karkarar arewacin Kano, daga Dambatta zuwa Makoɗa da Kunchi, inda gona ke manne da gona, kasuwar mai haɗa tagogi ba ta buɗewa sosai sai an gama kaka. An sayar da gyaɗa da wake, kuɗi ya shigo hannu, sai a tuna da ɗakin amarya da ba a sa wa taga ba. Don haka aikin gilashi yakan zo tare da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Da rana zafi kan kusanci digiri 30, kafin asuba ya sauka wajen 12.

A irin wannan lokaci ne wani mai shagon tagogin almini, a wani ƙauye kusa da hanyar Kano zuwa Daura, ya rasa barci. Zai jingina gilashi lafiya lau da magariba, ya rufe shago, da safe ya tarar da tsaga ta ratsa shi. Ba kullum ba, amma sau da yawa har riba ta fara narkewa.

Zargi na farko ya faɗa kan yaran shagon guda biyu da ke kwana a ciki. Suka rantse ba su taɓa ba. Maƙwabta kuwa har sun fara cewa baki ne, a nemi tsari. Baffan mai shagon, tsohon maƙeri da ya ƙare rayuwarsa gaban wuta, shi ne ya ce a dakata.

"Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Kawo mini fasassun in gani."

Ya tsuguna ya jera su a kan tabarma. Gilashin da aka buga da wani abu yana da cibiya, wurin da dukan ya sauka, tsagogi kuma su watsu daga nan ta ko'ina. Waɗannan ba su da cibiya. Kowanne tsaga ɗaya ce, ta taso daga baki, ta miƙe sak kamar ɗan yatsa guda ko biyu, sannan ta fara lanƙwasa tana yawo zuwa tsakiya. Da wannan aka wanke yaran daga zargin duka.

Sai mai shago ya koma kan kayan: ko dai gilashin da ya saro daga birni ne maras kyau, ko gargadar hanya ta raunana shi? Baffa ya tambaye shi ina sauran da aka saro tare. Wasu suna jikin tagogin mutane, ba wanda ya kawo ƙara. Wasu suna cikin rumfar bayan shago, jaura tana dukansu dare da rana, ko ɗaya bai tsage ba. Nan zargi biyu suka faɗi lokaci guda, na kaya da na sanyi, domin in sanyi ne kaɗai, na waje ya kamata ya fara fashewa.

Abin da ya rage shi ne cikin shagon. Aka lura cewa a jerin da ake jinginawa a bango, na gaba ne kawai ke tsagewa, kuma daga ƙasa, inda bakinsa ya taɓa siminti. Tsohon ya shafa daɓen da tafin hannu, ya ɗago da toka. Taku ɗaya daga gilashin akwai baƙin zagaye.

"Kai yaro, me kuke ajiyewa a nan?"

Ƙaramin ya sunkuyar da kai. "Baba, kasko ne. In Oga ya tafi mukan zuba garwashi mu ji ɗumi. Tebur ya cinye tsakiyar ɗaki, nan ne kaɗai fili."

Ga yadda abin ke faruwa. Gilashi yana buɗewa in ya ji zafi, kaɗan ƙwarai: mai tsawon mita ɗaya, in zafinsa ya ƙaru da digiri 40, ƙarin wajen kashi ɗaya cikin uku ne na milimita. Matsalar ita ce zafi ba ya saurin ratsa jikinsa. Tsakiyar da ke fuskantar garwashi tana neman buɗewa, bakin da ke zaune kan siminti mai sanyi ya ƙi, sai tsakiya ta riƙa jan baki. A bakin kuma akwai ƙananan ɓantarori da abin yanka ya bari, ido ba ya ganin wasu, daga cikinsu tsagar ke tashi. In aka buɗe ƙofa da asuba za a tafi masallaci, iska mai sanyi ta shigo ta ƙara tazarar. Duk wanda ya taɓa ganin ɗigon ruwa ya fasa ƙwan fitila mai zafi ya san wannan. Shi ya sa masana'antu ke barin gilashi ya huce sannu a hankali cikin doguwar tanda, shi ya sa kuma kamfanin Corning na Amurka ya fito da Pyrex a 1915, gilashin da buɗewarsa wajen kashi ɗaya cikin uku ce ta gilashin taga. Masagan Bida, masu narkar da kwalabe su yi awarwaro da duwatsun wuya, su ma da wannan hali na gilashi suke fama.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba asarar gilashin ba ce. Da aka zurfafa tambaya, yaran suka ce kullum da ciwon kai da jiri suke tashi, maigidansu yana ɗauka mura ce ko lalaci. Sun kuma toshe kafar taga da buhu don kada ɗumi ya fita. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Mai barci ba ya jin shigarta.

Gyaran bai ci kuɗi da yawa ba. Aka ɗora gilashi kan katako, aka mayar da shi bangon da ke nesa da wuta, aka riƙa goge bakinsa da dutsen wasa bayan yanka. Aka kafa zana a wajen ƙofa ta tare iska, aka saya wa yaran barguna. Kasko kuma sai da rana, ƙofa a buɗe. Tsaga ta daina, ciwon kan ma ya tafi.

Kai mai shago, in yaranka suna kwana a wurin aiki cikin sanyin nan, ka leƙa su da dare. Ka fitar da garwashi kafin su kwanta, ka cire buhun da ke bakin taga.