CIN ABINCI IRIN NA MUTANEN DĀ: GASKIYA KO YAYI?

A ƙasashen Turawa, musamman Amurka, an fito da wani salon cin abinci da ake kira "Paleo". Masu binsa suna cewa mu koma ga abin da mafarauta suka ci tun kafin a fara noma, kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Wato nama, kifi, ƙwai, ganyaye, 'ya'yan itatuwa da saiwoyi. Hatsi, wake, gyaɗa, madara da sukari kuwa sai a bar su.

Daga ina wannan tunani ya fito? A 1975 wani likita Ba'amurke, Walter Voegtlin, ya wallafa littafi a kansa. A 1985 Boyd Eaton da Melvin Konner suka yi rubutu a wata babbar mujallar likitoci. Sai a 2002 littafin Loren Cordain ya yaɗa shi ko'ina. Hujjarsu ita ce, jikin ɗan Adam bai saba da abincin gona ba, shi ya sa ƙiba, ciwon sukari da hawan jini suka yi yawa.

To, bari mu auna maganar nan.

Na farko, mutanen dā ba abinci iri ɗaya suka ci ba. Kowa ya ci abin da ƙasarsa ta ba shi. Mutanen Hadza na Tanzaniya, waɗanda wasunsu ke farauta har yau, sun dogara ƙwarai ga zuma, saiwoyi da 'ya'yan kuka. Kuma kullum suna tafiya mai nisa a ƙasa.

Na biyu, ba gaskiya ba ne cewa ba su san hatsi ba. A Ohalo, a bakin Tekun Galili, an tono dutsen niƙa mai ɗauke da ragowar sha'ir na daji, wanda ya kai kimanin shekara 23,000.

Na uku, jikin mutum yakan canja. Fulani da yawa, da mutanen arewacin Turai, suna shan madara har girmansu ba tare da ta dame su ba, domin kakanninsu sun daɗe suna kiwo.

Amma kada mu yi watsi da maganar gaba ɗaya. Rage sukari, lemon kwalba, yawan gishiri da abincin gwangwani abu ne mai kyau, likitoci ma sun yarda da haka. Haɗarin yana wajen barin wake, madara da hatsi. Ɗalibi mai tasowa yana bukatar wake don gina jiki, madara don ƙarfin ƙashi, hatsi kuma don kuzari. Iyaye nawa ne za su iya sayen nama kullum a maimakonsu?

Saboda haka 'yan'uwa, kada mu raina tuwon dawa da miyar kuka don mun ji sabon yayi. Mu ci abinci iri-iri daidai gwargwado, mu motsa jiki. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuwa ya nemi shawarar likita kafin ya canja abincinsa.