Jan Layi A Littafin Sa Hannu: Abin Da Shika Ta Nuna

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a ƙasar nan ya san littafin nan da akan ajiye a bakin ofis domin kowa ya rubuta sunansa da lokacin isowarsa. Ƙarfe 8 na bugawa sai akawu ya ɗauki jan biro ya ja layi, wanda duk sunansa ya faɗa ƙarƙashin layin nan ya zama makararre ke nan, sai ya saurari takardar tuhuma. A shekarar 1984, zamanin Yaƙi Da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, har tsallen kwaɗo aka riƙa sa waɗansu makararrun. To, amma littafin ya san lokacin zuwa ne kurum, bai san lokacin tashi ba, balle aikin da aka yi a tsakani.

Wanda yake son ya ga kasawar wannan tsari, ya dubi irin aikin da ake yi a Shika, wadda ke bisa hanyar Funtua, gaba da Samaru. Tun 1928 Turawa suka kafa gonar dabbobi a nan, ta shiga hannun Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kana a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, watau NAPRI. Saniya ba ta san Lahadi ba, ba ta san ranar Salla ba. Mai tatsa yakan riga rana fitowa, in kuwa naƙuda ta kama saniya da tsakar dare, dole wani ya kwana a garke. A ce da wannan bawan Allah ya makara don bai sa hannu kafin ƙarfe 8 na washegari ba, ai an so zuciya.

Haka nan asibitin koyarwa na jami'ar, wanda ya tare a Shika a 2005. Ma'aikaciyar jinya ba ta barin majiyyaci don agogo ya cika, sai mai karɓarta ta zo ta danƙa mata aiki. Sa'an nan ga nisan hanya: wanda yake zaune a Sabon Gari sai ya ratsa Kwangila da Samaru, tafiyar kamar kilomita 20, kuɗin mota kuwa ya ninka tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Wannan ba hujjar makara ba ce, amma ya kamata mai hukunci ya bambanta wanda mota ta mutu masa rana guda da wanda ya mai da makara al'ada.

Yanzu ana yabon na'urar dangwala yatsa, kuma ta cancanci yabo, domin ta hana aboki ya sa wa abokinsa hannu. Sai dai in an saita ta a kan ƙarfe 8 kaɗai, jan biron nan ne dai ya sake riga. A ganinmu, adalci shi ne kowane sashe ya sami nasa lokaci bisa yanayin aikinsa, a rubuta shiga a rubuta fita, a lissafta wa mutum awoyin da ya ƙara kamar yadda ake lissafta masa mintocin da ya rage. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta tanadi hutun awa 1 ga mai aikin awa 6 ko fiye, da yini guda na hutu a cikin kowane kwana 7.

Lalle ne kuma manya su sa hannu a inda ƙanana suke sawa, domin masinja yana lura da lokacin da motar shugaba take shigowa. Ƙarshen wata a ba kowa damar duba lissafinsa ya yi gyara kafin a taɓa albashinsa, shi kuma shugaban sashe ya duba ko waɗanda suka kwana a garke ko a ɗakin majiyyata a watan jiya su ne dai aka sake rubutawa a wannan watan.