Abubuwan da ya kamata ka sani game da wanke gashin tsuntsu da adana shi don ɗaurin ƙudan fatsa

A kogunan Ingila da Sikotland da Amurka akwai masu fatsar da ba sa maƙala tana ko wani ƙoto mai rai a ƙugiya. Zare da gashin tsuntsu suke naɗa mata har ta ɗauki siffar ƙwaron ruwa, su wurga, kifi ya ruɗu ya kai cafka. Wannan ƙugiyar ita ake kira ƙudan fatsa. Sana'ar ta daɗe. Wajen shekara ta 200, marubucin nan na Rum, Aelian, ya ba da labarin masuntan Masedoniya masu ɗaura jan ulu da gashin zakara a ƙugiya. Har yau gashin ne jarin mai wannan aiki, kuma jari ne mai saurin lalacewa.

Wane gashi ake nema?

Gashin wuyan zakara da na gadon bayansa su ne kan gaba. Akwai gonaki irin su Whiting da ke jihar Kolorado, waɗanda ba nama ko ƙwai suke kiwon kaji dominsa ba, gashi kawai. Bayan su sai na ɗawisu, jimina, talotalo da agwagwa. Zabonmu ma yana ciki, don ɗigo-ɗigon gashinsa. Akan rina shi shuɗi a sa wa ƙudan kamun kifin salmon.

Ba kowane gashi doka ta yarda ka riƙe ba

A Amurka, dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana mallakar gashin yawancin tsuntsayen dajin ƙasar, ko da tsintarsa ka yi a ƙasa. Yarjejeniyar CITES ta 1973 kuma ta sa wa cinikin wasu tsuntsayen takunkumi tsakanin ƙasashe. Ga misalin da ke nuna dalili. A 2009 wani matashi Ba'amurke, Edwin Rist, ya fasa gidan tarihin halittu na Tring a Ingila, ya kwashe fatun tsuntsaye 299, wasunsu tun ƙarni na 19 aka tattaro su domin bincike. Ya fige wasu ya sayar wa masu ɗaurin ƙuda. Asarar da ilimi ya yi ba ta mayuwa, alhali gashin kaza da aka rina yana kama kifi daidai da na kowane tsuntsu mai tsada.

Maƙiyin da ba a gani

Nan ne zuciyar maganar. Gashin da mafarauci ya ba ka, ko wanda ka fige da hannunka, yakan zo da baƙi: ƙwan asu, ƙwan ƙananan buzuzu masu cin fata, da ƙwarƙwatar tsuntsu. Asun da kake gani yana tashi ba shi ke ɓarnar ba, tsutsarsa ce. Tana iya narkar da sinadarin keratin da aka gina gashi da shi, tana kuma son duhu da wurin da ba a taɓawa. Kafin ka ankara sai ka buɗe akwati ka tarar da gari-gari a gindin leda da tsirarun kara. Wake ɗaya ke ɓata gari: fiffike guda da ba a kula da shi ba ya isa ya cinye tarin shekara goma.

Saboda haka sabon gashi ba ya shiga cikin tsoho sai ya yi zaman killacewa. A ƙulle shi a leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri na aƙalla mako guda. A fitar ya huce kwana biyu, a sake mayarwa wani makon. Hikimar maimaitawar ita ce ƙwai ya fi tsutsa jure sanyi, abin da ya tsira a karon farko sai na biyu ya same shi. Gidajen tarihi ma da sanyi suke kashe ƙwarin kayansu.

Sai dai sanyi ba ya kashe ƙwayar murar tsuntsaye. Tsuntsun da aka tarar ya mutu ba a san sanadi ba, a bar shi inda yake.

Wanki

Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da ɗan sabulun ruwa na wanke-wanke, don shi ne ke cire maiƙo. A jiƙa, a motsa a hankali ba tare da cuɗa ba, a ɗauraye har ruwan ya fita garau. A tsane da tawul, sannan a zuba a rigar matashin kai a hura masa iskar injin busar da gashi. Idan wani ya lanƙwashe, tururin butar shayi na ɗan lokaci zai miƙar da shi.

Akwai wanda ba a matsa masa da sabulu: lallausan gashin da ke kewaye da jakar mai ta gindin agwagwa. Don yana yawo a saman ruwa ake sonsa, wanki mai ƙarfi kuma yana rage masa wannan baiwa.

Idan gashi ya zo da fatarsa, aikin ya ƙaru. A kankare kitse da sauran nama tas, a shanya fatar a kan kwali da allurai, a barbaɗe ta da hodar boraks har ta bushe ƙayau. Wasu na amfani da gishiri, amma yana jawo laima idan iska ta yi danshi. Kitsen da aka bari shi ne zai yi wari, ya ɓata gashin, ya kuma kira ƙwari.

Ajiya

Kada a rufe gashin da ke da sauran danshi, fumfuna zai yi. Kowane iri da tasa ledar mai zif, a rubuta sunansa da ranar da ya shigo, a jera su cikin robar da ke rufuwa gam, nesa da rana don tana kashe launi. Amfanin rarrabawar shi ne ko ƙwaro ya ɓulla, a leda ɗaya zai tsaya.

Ƙwayar kafur ta cikin akwati tana kashe asu a rufaffen wuri, amma tururinta guba ne ga mutum, musamman yara, don haka ba na ba da shawararta a ɗakin kwana. Ya fi a riƙa buɗe ledojin duk bayan 'yan watanni ana dubawa. Wadda aka ga gari ko saƙar tsutsa a cikinta, a mayar da ita firiza tare da maƙwabtanta; idan cin ya yi nisa, a zubar.