Fata Ba Atamfa Ba Ce: Abin da Taba Ke Yi wa Ɗinkin Likita

A Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde, ba a wasa da ɗinki. Mai kaya yakan juya riga ciki waje, ya ja bakin ɗinkin da yatsu ya ga ƙarfinsa kafin ya biya tela. Sai dai tela yana da sauƙin da likitan tiyata bai samu ba. In ya haɗa ƙyalle biyu ya taka keke, aiki ya ƙare. Zaren likita kuwa kusantar da bakin fata kawai yake yi, jini ne zai biyo baya ya haɗe ta. In jinin bai iso ba, ɗinkin zai buɗe ko da wane gwani ne ya riƙe allurar.

Inda aka fi ganin haka ƙarara shi ne aikin jan fatar fuska, wanda masu hali ke yi don ɓoye yamutsewar tsufa. Likita yana yankawa daga cikin gashin gefen goshi, ya gangaro ta gaban kunne, ya zagaya bayansa, sannan ya ɗaga fatar kumatu daga naman da ke ƙarƙashinta, ya ja ta baya, ya rage abin da ya yi yawa, ya ɗinke. Ɗagawar nan tana tsinka ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da fatar daga ƙasa. Sauran jinin da take samu sai wanda ke rarrafowa ta cikinta daga tsakiyar fuska, kuma bayan kunne ne wuri na ƙarshe da zai kai. A nan matsala kan fara: fatar ta yi duhu, ta yi sanyi, bayan 'yan kwanaki ta zama baƙin ɓawo mai tauri. Ta mutu ke nan. Sai a yi makonni ana wankin ciwo, a ƙare da tabo a fuskar da aka kashe dukiya don a gyara.

A 1984 wani likitan New York, Thomas Rees, shi da abokan aikinsa biyu, suka bi bayanan mutum 1,186 da aka yi wa wannan aiki. Suka tarar haɗarin mutuwar fata ga mashayin taba ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 12. Shi ya sa yau likitocin wannan fanni da dama ba sa taɓa mai shan taba sai ya daina, wasu ma sai sun gwada fitsarinsa, don burbushin nikotin yakan kwana da yawa a ciki.

Ta hanya biyu hayaƙin ke yin ɓarna. Nikotin yana matse ƙananan jijiyoyi, jinin da ke wucewa ya ragu. Iskar kabon monoksaid kuma tana maƙale wa jajayen ƙwayoyin jini da ƙarfin da ya fi na oksijin sau 200 da wani abu, ta kore shi daga mazauninsa. Ga hanya ta ƙuntata, ga ɗan jinin da ya samu wucewa ya zo hannu rabbana. Ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama da masu yaƙar ƙwayoyin cuta duk da oksijin suke aiki, don haka ciwo ya yi jinkirin warkewa, ya yi saurin ruɓewa. Ga kuma tarin mashaya, wanda kan fasa jijiyar da aka rufe, jini ya taru ƙarƙashin fata.

Mai karatu zai ce ina ruwan mai gasa tsire da jan fuska. Gaskiya ne, 'yan ƙalilan ne daga cikinmu ke hawa jirgi zuwa Turkiyya ko Tunisiya don irin wannan aiki. Amma aikin ƙaba fa? Da haihuwa ta tiyata, da ƙafar ɗan benskin, wato ɗan acaɓa, da ta karye aka sa mata ƙarfe, da dashen fata ga wanda ya ƙone? Duka jini ɗaya ke warkar da su. A Danmak an raba mashaya 120 masu jiran aikin gwiwa ko ƙugu gida biyu, aka taimaki rabi su daina mako shida zuwa takwas kafin aiki. Sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna matsalar ciwo ta sami kashi 5 cikin ɗari na waɗanda aka taimaka, da kashi 31 na waɗanda aka bari da tabarsu. A Janairun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daina taba mako huɗu kafin aiki shi ne mafi ƙarancin abin da ake so, kuma kowane mako da aka ƙara a kansa riba ne.

Binciken da aka yi a Kamaru a 2013 ya nuna kusan manya miliyan 1.1 ke amfani da taba. A ganina babbar matsalarmu ita ce kunya. A wurinmu ba a zuwa asibiti mutum shi kaɗai. Da uba, ko yaya, ko suruki tsaye a gefe. Likita ya ɗaga kai ya ce, "Malam, kana shan sigari?" Saurayin da ke laɓewa bayan shago yana zuƙar kara biyu, ya tauna goro ya kashe warin, me zai ce a gaban baffansa? "A'a, likita." An rubuta, an wuce. Mace kuwa sau da yawa ba a ma tambayarta, alhali shisha ta shiga ɗakunan 'yan mata da amare. Gwamnatin Kamaru ta sanar da hana shisha a 2022, amma sanarwa ba ta leƙa cikin ɗaki. Masu cewa ruwan tulun yana tace gubar su sani gawayin da ke ci a samansa kabon monoksaid yake zubawa, zama guda yakan fi na kara ɗaya na sigari nesa ba kusa ba. Tsohuwa mai cusa garin taba da kanwa a leɓe ba ta shaƙar hayaƙi, amma nikotin yana shiga jininta. Ya kamata likita ya fitar da 'yan rakiya kafin ya yi wannan tambaya, in kuma bai yi ba, majinyaci ya nemi ganinsa shi kaɗai.

Rage kara ashirin zuwa biyar bai wadatar ba, dainawa ake so. Mutumin da ke kame baki daga asuba zuwa magariba wata guda cur, ba zai ce abin ya fi ƙarfinsa ba. Akwai cingam da filastar nikotin masu rage ƙwaɗayi. A yawancin ayyuka sun fi hayaƙi sauƙi, har a gwajin Danmak an yi amfani da irinsu, amma masu aikin fuska da yawa har su suke hanawa, da sigarin lantarki, don haka a tambayi mai aikin. In tiyatar gaggawa ce ba a ɗaga ta saboda taba, sai dai ko kwana ɗaya ko biyu ba hayaƙi yana wanke yawancin kabon monoksaid daga jini. Bayan an dawo gida kuma a ƙara aƙalla mako huɗu, 'yan dubiya masu sha su ma su yi abinsu a waje.